TUN RAN GINI, RAN ZANE: Tsari da Fasaha a Zangunanmu

Duk wanda ya yi zama da dattawa ya sha jin karin maganar nan da ke cewa tun ran gini, ran zane. Yawancinmu mukan yi ta ne in yaro ya gagara ko in ciniki ya lalace, mu ce ai tun farko ya kamata a yi gyara. To amma maganar ta masu sana'a ce. Mai ginin tukunya da mai ginin soro duk sun san cewa ado tun ƙasa tana ɗanya ake yin sa. In aka bari ta bushe, sai dai a kankare a sake, ko kuwa a haƙura da abin yadda ya fito. Saboda haka gwani ba ya ɗora hannu a kan yumɓu sai ya riga ya ga ƙarshen aikin a zuciyarsa.

A wannan wata muna so mu tattauna da 'yan'uwa a kan wannan ɗabi'a ta ganin ƙarshen abu tun kafin a fara shi. Iyayenmu sun gaje ta, sun zo da ita ƙasar nan ta Gana, sun yi aiki da ita a gini da ɗinki da fatauci. Tambayar da ke gabanmu ita ce, ina ta shiga a unguwanninmu na yau, kuma yaya za mu dawo da ita tun yaranmu suna ɗanyu?

ZANGO MA DA TSARINSA

Sunan da ake kiran unguwanninmu da shi daga fatake ya samo asali. Zango shi ne inda ayari yake sauka ya kwana kafin ya ci gaba da tafiya. Wasu sukan fake da wannan su ce ai wurin da aka yi don kwana ɗaya ba ya bukatar tsari. Wanda ya faɗi haka bai san yadda ayarin Gwanja yake tafiya ba.

Fataken da suke tasowa daga Kano da Katsina zuwa Salaga neman goro sukan yi watanni a hanya, da jakuna da kanwa da tufafi da ƙiraga. Madugu shi ne shugaba, kuma kafin a tashi ya san inda ruwa yake, ya san inda dabbobi za su sami ciyawa, ya san sarkin da za a biya fito da wanda za a kauce wa ƙasarsa. Jagaba yana gaba yana duba hanya. In aka sauka, kowa ya san inda zai ajiye kaya, da inda za a ɗaure dabbobi, da inda mata za su hura wuta. Rayukan ɗaruruwan mutane da dukiyarsu sun dogara ne ga lissafin da aka yi tun ba a bar gida ba.

Da yaƙin basasa ya tarwatsa Salaga a 1892, jama'arta suka bazu zuwa Kete Karachi da Yeji da Kumasi da Ankara, suka ƙara wa zangunan da ke can yawa. Su ma ba da ka suka zauna ba. A farkon ƙarni na 20, da tsohon zangon Ankara ya cika, Malam Baƙo ya nemi fili a hannun sarakunan Ga, ya rarraba wa mutanensa, aka kafa Sabon Zango. Mutumin da ya tashi jama'a daga tsakiyar gari ya kai su wurin da a lokacin daji ne, lalle ya hango jikokin da bai gani da idonsa ba.

ABIN DA MAGINA SUKA SANI

In muka dubi gidan Bahaushe na asali, za mu ga kowane ɗaki amsa ce ga wata tambaya. Yaya baƙo zai shigo a karrama shi ba tare da ya ga iyali ba? Aka yi zaure. A nan maigida yake karɓar baƙi, a nan malam yake karantar da almajirai, a nan tela ko baduku yake sana'arsa, a nan ake sulhunta masu rigima. Yaya za a hana idon mai wucewa kaiwa ciki? Aka karkatar da ƙofofi, ta zaure ba ta kallon ta shigifa, ta shigifa ba ta kallon tsakar gida. Ina mata za su yi daka da girki da shanya cikin sakewa, iska tana kaɗa su? Aka bar tsakar gida a buɗe, sau da yawa da bishiya a ciki.

Haka kayan aikin. Tubali na ƙasa, wanda ake mulmulawa da hannu a shanya a rana, yana ba da bango mai kauri da ke tsare zafin rana, sai dare ya yi ya sake shi a hankali. Azara, wato tsagin giginya, gara ba ta cika cin ta ba, amma da ƙyar take ɗaukar nauyin rufi in faɗin ɗaki ya wuce mita biyu. Wannan ƙarancin ne ya sa magina suka yi dabara, suka riƙa ɗaure azara bisa azara suna turo ta daga bango kaɗan-kaɗan, suna lulluɓe ta da ƙasa, har ta haɗu a sama ta zama bakan gizo. Da haka aka sami manyan soraye masu faɗi. Makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, ita ake shafe bango da ita don ruwa. Katsin da marina suke kwashewa daga gindin karofi ma ba a zubar da shi, yana shiga haɗin da ake dalaye rufi da shi. Indararo kuwa yana jefa ruwan sama nesa da gindin bango. Sai bayan an gama da waɗannan ake zuwa ga zanko a saman soro da dagi a goshin ƙofa.

Gwanin gwanaye a wannan fanni shi ne Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wajen shekarun 1830 zuwa 1840. Har yau masu koyon zanen gine-gine a jami'o'i suna nazarin yadda ya ɗaga wannan rufi da ƙasa da itace kawai. A Agadas kuma hasumiyar masallaci mai tsawon mita 27, wadda aka fara ginawa wajen 1515 aka sabunta a 1844, tana nan tsaye, kuma a 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya.

YAMA DA DANDAJI

Kada mai karatu ya ce wannan duk labarin da ne. A ƙauyen Yama, cikin jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar, jama'a suka yi shawara a 1962 su gina masallacin Juma'a. Suka ba wani magini ɗan garin, Falke Barmu, aikin. Kowa ya kawo abin da yake iyawa: masu buga tubali, masu ɗebo ruwa, masu kawo itace. Da farko gini ne mai sauƙi. Da aka zo gyara a 1975 ya ƙara masa tulluwa, daga baya kuma ya tayar da hasumiya huɗu a kusurwoyi, kowace da siffarta daban. A 1986 wannan masallaci na ƙauye ya ci lambar Aga Khan ta gine-gine, wadda manyan masana na duniya suke takara a kanta.

A garin Dandaji, a wannan jiha dai, da tsohon masallaci ya tsufa ya kuma yi wa jama'a kaɗan, ba a rushe shi ba. Wata 'yar Nijar mai zanen gine-gine, Mariam Issoufou Kamara, tare da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili, suka gyara shi ya zama ɗakin karatu, aka gina sabon masallaci a gefensa da tubalin ƙasa da ake matsewa da inji. An gama aikin a 2018. Yanzu yaro yana fitowa daga salla ya shiga ya ɗauki littafi, duk a fili ɗaya.

Abin lura a nan shi ne, mutanen Yama da na Dandaji ba su fi mu kuɗi ba. Abin da suka yi shi ne sun zauna tukuna sun tambayi kansu me suke so wurin ya yi musu, sannan suka ɗauki cebur.

YADDA MUKA TSINCI KANMU

To, mu dawo gida. Kowa ya san yadda lungunanmu suke a Nima da Mamobi da Aboabo da sauransu. Akwai lungun da mutum biyu ba sa iya giftawa sai ɗaya ya jingina da bango. Akwai inda in an yi rasuwa sai an karkata makara kafin ta fita, balle a yi zancen motar kashe gobara ko ta asibiti. Ɗakuna da yawa taga ɗaya gare su, wasu ma babu, ga rufin kwano ba sili, da rana kamar tanda. Yaron da ya kwana cikin wannan zafi, mu malaman makaranta mun san shi da safe, domin a kan tebur yake ƙarasa barcinsa.

Ba za mu ɗora laifin duka a kan jama'a ba. Wasu unguwannin sun girma ne a lokacin da hukuma ba ta lissafa su cikin gari, ba a shata musu hanya ko magudanar ruwa ba. Filayen da yawa ba su da takardun da mutum zai dogara da su. Sannan ga abin da ya faru a watan Nuwamba na 1969, lokacin da gwamnatin Busiya ta ba baƙin da ba su da takardun zama mako biyu su bar ƙasar. Dubban mutane suka tafi, cikinsu har da waɗanda a nan aka haife su, suka sayar da gidaje a wulaƙance ko suka bar su haka nan. Wanda ya ga wannan da idonsa, da wuya ka shawo kansa ya kashe kuɗi a kan ginin shekara ɗari. Sai aka koma gina na yau, gobe Allah ya san ta.

Amma yau fiye da shekara 50 ke nan da wannan al'amari. Mu 'yan ƙasa ne, a nan aka binne kakanninmu, a nan za a binne mu. Duk da haka ɗabi'ar zaman wucin gadi ba ta sake mu ba. In maigida ya rasu, magada sukan yanka tsakar gida su tayar da ɗakunan haya. Zaure, wanda shi ne fuskar gida, an toshe shi an zuba ɗan haya ko an mai da shi kanti. Kowa yana turo bangonsa taku ɗaya cikin hanya, yana cewa ai taku ɗaya ne. Zama ya zama irin na 'yan marina, kowa da inda ya sa gaba. Ran da aka toshe zaure kuwa, ba ɗaki kaɗai aka rasa ba. Dattawa sun rasa wurin zama, yara sun rasa inda za su ji hirar manya, baƙo kuma sai ya tsaya a titi yana ƙwala sallama.

Ruwa ma ba ya mantuwa da hanyarsa. Babban kwalbatin Nima cikin kogin Odo yake zubawa, kuma duk abin da muka jefa masa yana tafe da shi. Ba mu manta daren 3 ga Yuni, 2015 ba, lokacin da ambaliya ta haɗu da gobarar gidan mai kusa da shataletalen Kwame Nkrumah, mutane fiye da 150 suka rasa rayukansu. Dalilan wannan musiba suna da yawa, amma toshewar magudanai da gini a kan hanyar ruwa suna cikinsu. Rashin tsari yana kashe mutane kamar yadda cuta take kashewa.

ALLURA DA ZARE

Duk da haka fasahar ba ta mutu a hannunmu ba. A je a zauna wurin mai aikin babbar riga a gani. Kafin allura ta taɓa yadi, sai an zana aikin tukuna, aska biyu ce ko aska takwas, ina tambari zai zauna, ina dagi zai faɗa. A da ma mai zane daban ne, mai ɗinki daban, kuma sau da yawa masu zanen almajirai ne da hannunsu ya saba da alƙalami da zayyanar allo. Riga ɗaya takan ci watanni. Mai ɗinkin hula yana ƙirga zare ɗaya-ɗaya, in ya ɓata lissafi a farko, ba za ta haɗu a ƙarshe ba. Mai waken da take tashi tun asuba ta san adadin karan dafin da zai ba shinkafa launin da ake so, kuma abincin nan da ya fito daga zango yau ƙasa duka ake cin sa da sunan da ya samo daga bakinmu.

Shugabannin farko ma sun san tufafi magana ne. Daren da aka yi shelar 'yancin kai, 6 ga Maris, 1957, Kwame Nkrumah da abokan gwagwarmayarsa batakari suka sa suka hau dandamali. Da gangan suka zaɓi rigar mutanen Arewa, don kowa ya san sabuwar ƙasar ta kowa ce.

A zamaninmu kuma ga Ibrahim Mahama, ɗan Tamale, wanda aka haifa a 1987. Buhunan garara da ake shigo da su don koko, daga baya su koma na masara, su ƙare a na gawayi, su ya riƙa tarawa ana ɗinke su, yana lulluɓe manyan gine-gine da su. A 2015 aikinsa ya kai babban bajekolin fasaha na birnin Benis a Italiya. Da ya sami abin hannu sai ya koma gida, ya buɗe cibiyar fasaha a Tamale a 2019, har ya sayo tsofaffin jiragen sama ya mai da su azuzuwan yara. Buhun da muke takawa a kasuwa kullum, shi ya tsaya ya dube shi da kyau. A Nima ma akwai samari masu zanen bango da suka ƙawata wurare da dama da fenti. Hannu yana nan, ido yana nan. Abin da ya rage shi ne mu fitar da wannan lissafi daga kan riga mu kai shi kan gida da unguwa da rayuwa.

AIKIN DA KE GABANMU

Mu da muke aji muna ganin inda gizo yake saƙa. Tun gyaran ilmi na 1987 aka sa koyon sana'a a ƙananan makarantun sakandare, kuma manhajar da aka fara aiki da ita a 2019 ta ba darasin zane da ƙirƙira gurbinsa. Amma iyaye da yawa suna ɗaukar sa wasa. In yaro ya zo da sakamako mai kyau a lissafi a yi masa kyauta, in ya zo da zane a ce ya daina ɓata takarda. Alhali yaron da ya iya zana abu kafin ya yi shi, shi ne gobe zai zama birkila ko kafinta ko injiniyan da ba ya ɓarnar kayan mutane. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ga kaɗan daga abubuwan da muke ganin za mu iya, ba sai mun jira kowa ba.

Na farko, duk mai niyyar gini, ko ɗaki ɗaya ne, ya zauna da iyalinsa da birkila a zana shi a takarda. A tambayi uwargida, domin ita ta fi kowa sanin inda hayaƙi yake taruwa da inda ruwan wanke-wanke yake kwanciya. A fitar da taga biyu masu kallon juna don iska ta ratsa. A san inda makewayi zai zauna tun kafin a san inda kanti zai zauna.

Na biyu, masu unguwa da limamai da sarakunan zango su sa baki a kan hanya. A yi yarjejeniya cewa ba mai turo bango cikin lungu, kuma duk lungu ya zama aƙalla makara za ta wuce a miƙe. In ana rabon gado, a roƙi magada su bar zaure da ɗan fili a tsakar gida a matsayin na kowa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na uku, kowane gida ya dasa bishiya ɗaya, darbejiya ko mangwaro, a ba wani yaro amanar ba ta ruwa. Inuwar da za ta bayar nan da shekara 10 ta fi fanka, kuma ba ruwanta da ɗauke wuta.

Na huɗu, malaman boko da na makarantun allo su fita da yara su zana taswirar unguwarsu: ina famfo, ina kwalbati, ina ruwa yake taruwa in an yi sama, ina ake zubar da shara. Majalisar ƙasa ta zartar da dokar asusun raya zanguna a 2017. Jama'ar da ta je gaban hukuma da taswira a hannu da jerin bukatu bi da bi, ba a sallamarta kamar wadda ta je da koke kawai.

Na biyar, a je wurin tsofaffin masu aikin riga da hula da dukanci tun suna raye. A ba ɗalibi littafin rubutu ya kwafe zanensu, ya rubuta sunan kowane aiki da yadda ake fara shi. Da yawa daga cikin waɗannan sunaye a kan mutum ɗaya suka rage a unguwa.

Daga ƙarshe, tsarin nan ya shafi aljihu da lokaci. Malamanmu sun karantar da mu matsayin niyya a ibada, cewa ita ake fara ƙullawa kafin aiki. Haka ya kamata mu yi wa sauran al'amura. Gidan da ake ɗinka yayi sau shida a shekara amma kuɗin makaranta ya gagara, ba talauci ne kaɗai ya kama shi ba. Matan da suke adashi sun riga sun san sirrin: tun ran zubi na farko kowace ta san abin da za ta yi da kwasarta. In miji da mata za su zauna a farkon shekara su ce bana rufi za mu gyara, baɗi yarinya za ta shiga sakandare, biki kuwa za mu je wanda ya zama dole, da an rage bashi da yawan ɓacin rai.

Muna roƙon masu karatu da suke da tsohon gida mai zaure a Kumasi ko Salaga ko Wa ko Ankara su riƙe shi da kyau, su kuma bar yaran makaranta su shiga su gani, domin gani ya kori ji. Allah ya ba mu ikon gyarawa, ya albarkaci zuriyarmu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.